An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Narkewar Ƙanƙarar Alps

Maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya kan ƙarancin dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai ta zaga gari, kuma mutane da yawa sun yi na'am da ita. Abin da ya ce a dunƙule shi ne, wasan zamiya a kan ƙanƙara shagali ne na masu hannu da shuni, su ne kuma suka cika sararin samaniya da hayaƙi. Saboda haka in yau dusar ta ƙi sauka har ana rufe musu wuraren hutun hunturu, abin da suka shuka ne suke girba, kada wani ɗan Afirka da ke fama da fari da ambaliya ya zubar musu da hawaye. Daga yadda ya jera maganar, mai karatu zai ji cewa abin ma daɗi ya yi masa.

Malam, na gane fushinka, ni ma ina da irinsa. Afirka kakaf ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma ita ke kan gaba wajen shan wuya. Gaskiya ne kuma wasan nan na tsada ne. A Faransa kanta, ƙasar da ke cikin manyan masu wannan harka a duniya, waɗanda ke zuwa hutun zamiya a shekara ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba. A Courchevel akwai ɗan filin jirgin sama da aka shimfiɗa a gangaren dutse, tsawonsa mita 500 da 'yan kai, domin attajiri ya sauka kusan a ƙofar masaukinsa. Duk wannan ban musa maka ba. Inda muka raba hanya shi ne zaton da ka yi cewa narkewar nan attajirin take ci. Ba ta kai gare shi ba tukuna, kuma shi ne na ƙarshe da za ta kai wa.

Dalilin kuwa yana cikin yadda dutse yake. Duk mita 100 da mutum ya hau, sanyi na ƙaruwa da fiye da rabin digiri kaɗan. Ke nan idan duniya ta ɗumama, dusar ƙanƙara daga gindin dutse take fara ɓacewa, tana janyewa sama a hankali. To wa ke sama? Val Thorens, wanda aka gina a tsayin mita 2,300, da Tignes, da Val d'Isère, da Courchevel, inda hanyoyin zamiyar wasunsu suka haura mita 3,000. A yankin da ake kira Trois Vallées, tikitin hawa na wuni guda ya wuce Yuro 70, kuma duk hunturu cike yake maƙil. Hasali ma rufe ƙananan wurare kasuwa yake ƙara wa manyan, don duk mai kuɗin da ya rasa dusa a ƙasa sama zai nufa. In Alps ɗin gaba ɗaya ta gaza, jirgi zai hau ya tafi Kanada ko Japan. Ko a Dubai, tun 2005 akwai gangaren ƙanƙara a cikin katafaren kanti, a tsakiyar hamada.

Wa ke ƙasa? Irin su La Sambuy, wani ɗan wuri kusa da tafkin Annecy, mai layin kujerun hawa guda ɗaya, wanda ya taso daga wajen mita 1,200. A da, nan ne malamin makaranta da ma'aikacin masana'anta kan kai 'ya'yansu ranar Asabar, da burodi da cuku a jaka, su biya abin da bai kai rabin kuɗin manyan wurare ba, su dawo gida kafin dare. A 2023 majalisar ƙaramar hukumar Faverges-Seythenex ta yanke shawarar rufe shi a kwance ƙarafunan, domin lokacin dusar ya koma 'yan makonni, asarar kuma ta kai kusan Yuro 500,000 a shekara, daga aljihun masu biyan haraji. A watan Oktoban 2024 mutanen Seyne-les-Alpes da kansu suka fito suka jefa ƙuri'a, kusan kashi 70 cikin 100 suka amince a rufe gangarensu na Grand Puy, wurin da iyayensu suka koya musu zamiya. Wani mai bincike a jami'ar Grenoble ya ƙirga wurare fiye da 180 da aka rufe a Faransa cikin shekarun da suka wuce, kusan dukkansu ƙanana ne na ƙauye. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, Malam, alhali su ne labarin.

Gaba kuma ba ta da daɗin ji. Wani nazari da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28. Ya gano cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 2, kashi 53 cikin 100 za su shiga matsanancin haɗarin rashin dusa in ba a ƙera ta da inji ba, in ta kai digiri 4 kuma kashi 98. Rabin da zai fara faɗuwa ba a cikinsa masu jirage suke kwana ba.

Abin da ya fi damuna a maƙalarka shi ne yadda ka ɗauki tsaunukan nan kamar filin wasa da aka gina a fili, babu kowa a cikinsa sai baƙi. Akwai mutane a can tun kafin a san wani abu wai shi hutu, kuma talauci ne tarihinsu. Ƙasar noma kaɗan ce, a gangare take, hunturu kuma wata shida ne ko fiye. A da, a ƙauyuka irin su Bessans da Saint-Véran, iyali da shanunsu ɗaki ɗaya suke kwana lokacin sanyi, domin ɗumin jikin dabba ya taimaki ɗan itacen da ake da shi. Abincin da aka tara ba ya isar kowa, don haka da kaka ta wuce sai maza su bar gida. Cin rani ne sak irin wanda muka sani, sai dai su sanyi ke korarsu. Mutanen Oisans kan ɗauki koli a baya su bi gari gari. Na kwarin Ubaye, wajen Barcelonnette, har Meksiko suka riƙa kaiwa neman arziki. Yaran Savoie kuwa, 'yan shekara bakwai zuwa goma, ana damƙa su a hannun wani ubangida ya tafi da su birane sharar bututun hayaƙi, saboda ƙaramin jiki ne ke iya kutsawa ciki. Su kan wuni cikin toka da kunkunniya, gwiwa da gwiwar hannu duk a saɓule, sai bazara su dawo da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. A gabashin Alps, yaran Tirol da Vorarlberg da Graubünden kan tsallaka duwatsu a ƙafa cikin watan Maris, dusa na nan ba ta narke ba, su je kasuwar Ravensburg a kudancin Jamus, inda manoma ke zaɓar su su yi musu kiwo da aikin gida har ƙarshen kaka. Wannan ba tatsuniyar zamanin da ba ce, ya ci gaba har farkon ƙarni na 20.

Wasan da ka kira shagali yana cikin abubuwan da suka tsayar da wannan tafiya. An yi gasar zamiya ta ƙasa da ƙasa a Montgenèvre a 1907, Chamonix ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, aka fara gina Courchevel a 1946. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hukumar yankin Savoie ce ta ƙirƙiro Courchevel, da niyyar samar wa mutanenta aiki da kuma buɗe dutse ga talaka, kafin masu kuɗi su mamaye shi. A 1953 aka kai 'yan wata makarantar firamare ta Vanves, a gefen Paris, zuwa La Féclaz su yi karatu da safe su yi zamiya da rana, daga nan al'adar kai 'yan makaranta dutse ta bazu a ƙasar. Sai kuma babban shirin gwamnati na 1964 zuwa 1977, wanda a zamaninsa aka tsiro da garuruwa sukutum a saman duwatsu, irin su Avoriaz da Les Arcs da Flaine.

Shirin nan bai rasa zalunci a cikinsa ba. An ƙwace makiyaya daga hannun manoma da ƙarfin doka, aka biya su kuɗi kaɗan, 'yan kasuwar gine-gine suka kwashi riba. Manoman Cervières, kusa da Briançon, sun yi tsayin daka shekara da shekaru har aka janye aikin da aka shirya a kwarinsu. Amma duk da haka, a karon farko cikin ɗaruruwan shekaru, saurayi ɗan dutse ya samu abin yi a gida lokacin hunturu. Har gobe akwai mutumin da da bazara makiyayi ne, yana tatsar madarar da ake yin cukun Beaufort ko Reblochon, da sanyi ya shigo kuma sai ya koma mai kula da injin hawa ko mai koyar da zamiya. Albashin watannin hunturun nan ne ke riƙe garken shanun. In aka rufe injin, garken ma ba zai daɗe ba.

Ƙungiyar masu gudanar da wuraren zamiya ta Faransa na cewa ayyuka kusan 120,000 ne suka rataya a kan wannan harka. Ka dubi su wane ne. Akwai masu sintirin gangare da ke tashi tun duhun asuba, su hau da nakiya a jaka su tarwatsa tarin dusar da ke barazanar zaftarowa kafin baƙi su farka. Akwai direbobin manyan motocin daidaita dusa, waɗanda ke kwana suna hawa da sauka a gangaren da in mutum ya tsaya a kai sai jiri ya ɗebe shi, wani lokaci sai an ɗaure motar da igiyar ƙarfe daga sama. Akwai masu wanke kwanuka, da masu gyaran gado, da masu share ɗakuna ranar Asabar in baƙin wannan mako sun fita na gaba suna hanya. Da yawansu ba 'yan yankin ba ne, wasu ma ba 'yan ƙasar ba ne. Kwangilarsu ta 'yan watanni ce, in dusa ta makara a jinkirta ɗaukarsu, in ta narke da wuri a sallame su. Wurin kwana ma wahala yake yi musu, domin gidajen garin na masu kuɗi ne da ke zuwa mako biyu ko uku a shekara su kulle su tafi. Wasu a cikin motocinsu suke kwana. A Janairun 2013 matasa biyu ma'aikatan hunturu suka ƙone a cikin motar da suke kwana a La Clusaz. A Janairun 2019 gobara ta tashi a wani tsohon gini da ake jibge ma'aikata a Courchevel ɗin nan dai, mutum biyu suka rasu, wasu da dama suka jikkata, har da waɗanda suka diro ta taga. Idan an rufe gangare, waɗannan ne ake fara kora. An gani ƙarara a hunturun 2020 zuwa 2021, da annobar korona ta sa aka tsayar da injinan hawa na Faransa kakar gaba ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata kowane ɗan Afirka ta Yamma ya sani kafin ya yi wa mutanen nan dariya. Tun wajen 2017, matasanmu da suka bi ta Agadas da Libiya suka tsira daga teku suka isa Italiya, da yawansu ta Alps suke ƙoƙarin shiga Faransa. Daga Bardonecchia ko Claviere suke tashi da dare, su bi mashigar Échelle ko ta Montgenèvre, tsayin wajen mita 1,800, don kauce wa 'yan sandan iyaka. Yaro ɗan Gini ko Kodebuwa ko Mali, wanda bai taɓa ganin dusa ba, da takalmin kambas da 'yar rigar sanyi mara kauri, yana nutsewa har gwiwa a gefen gangaren da baƙi suka wuni suna wasa. An yanke wa wasu yatsu, wasu ƙafafu, saboda sanyi ya kashe naman. Wasu sai da dusa ta narke aka ga gawarsu. A watan Mayun 2018 aka tsamo gawar wata matashiya 'yar Najeriya daga kogin Durance, ƙasa da Briançon.

Su wa ke fita neman su? Mutanen kwarin. Jagororin hawa dutse, da masu koyar da zamiya, da ma'aikatan jinya, da tsofaffin da suka yi ritaya, su ne suka shirya sintirin dare, da shayi mai zafi a gora da safar hannu da barguna, suna bin sawun ƙafa a kan dusa. Sun buɗe masauki a Briançon a 2017 wanda dubban mutane suka kwana a cikinsa. An gurfanar da wasunsu a kotu bisa zargin taimaka wa baƙin haure, ba su daina ba. Hujjarsu ita ce ƙa'idar da suka gada, cewa a dutse ba a barin mutum a baya ko wane ne shi. Abincin da yawa daga cikin mutanen nan daga hunturu yake fitowa. Ban ga yadda zan yi murna da karyewar sana'arsu ba.

Ko da babu ko mutum ɗaya a can, dusar Alps ba ta wasa kaɗai ba ce. Rumbun ruwa ce. Abin da ya taru da hunturu shi ke narkewa a hankali da bazara ya ciyar da kogunan Rhône da Rhine da Po. A 2022, bayan hunturun da dusa ta yi ƙaranci, kogin Po ya ga farin da bai ga irinsa ba cikin shekara 70, gonakin shinkafa na arewacin Italiya suka bushe, jiragen dakon kaya a Rhine kuma suka koma ɗaukar rabin lodi ko ƙasa da haka don kada su tokare. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na girmansu. A daskararren kogin Mer de Glace, bisa Chamonix, matakala ƙalilan mutum ke sauka a ƙarshen shekarun 1980 ya taɓa ƙanƙara, amma kafin a gina sabon layin hawa a 2024 sai da matakalan suka haura 500, ana ƙara su kusan duk shekara ana bin ƙanƙarar tana gudu. Ranar 3 ga Yulin 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. Ranar 28 ga Mayun 2025 ƙanƙara da duwatsu suka rufto suka binne kusan dukkan ƙauyen Blatten a Suwizalan. Allah Ya taimaka an kwashe mazaunansa kusan 300 kwanaki kaɗan kafin nan, sai mutum ɗaya da aka rasa.

Zafin da ya yi wannan ɓarna shi ne wanda ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali a Afrilun 2024. Alps ta ɗumama da kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk abin da ya ƙaru a can ya ƙaru a kanmu. Babu ko ɗigon ruwa da narkewarta za ta mayar tafkin Chadi.

Fushinka yana da wurin da ya dace da shi, kuma a cikin wannan harkar ma yake. Maimakon a rage, manyan kamfanonin dutse sun zaɓi ƙera dusa da inji. Ana fesa ruwa da iska mai ƙarfi cikin daren sanyi, ya daskare kafin ya faɗo. A Italiya kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya sun dogara da wannan, a Faransa wajen kashi 40. Yana cin ruwa, yana cin lantarki, kuma ba ya yiwuwa in daren bai yi sanyi ba, shi ya sa a Janairun 2023 aka yi gasar duniya a Adelboden a kan siririn farin zare da ke ratsa koren tudu. Don tara ruwan ake yanke daji a haƙa manyan tafkuna a saman duwatsu, sau da yawa da tallafin kuɗin jama'a. A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fito ƙarara ta ce tsarin ya gaji, kuma wurare ƙalilan ne za su iya ci gaba bayan 2050. A La Clusaz mutanen yankin da masu kare muhalli ne suka kafa sansani a cikin daji suka kai ƙara, har kotun Grenoble ta dakatar da haƙa wani tafki mai cin ruwa kubik mita 148,000 a Oktoban 2022. Waɗannan abokan gwagwarmayarka ne, ko ba ka san su ba. Sannan fiye da rabin hayaƙin da hutun zamiya ke haifarwa daga tafiyar yake fitowa, jirgi da mota, injinan hawa kaɗan ne rabonsu. Mai sauka a ɗan filin jirgin Courchevel da mai wanke masa kwano ba laifinsu ɗaya ba, amma maƙalarka ta haɗa su ta yi musu kuɗin goro.

In kana neman abin da za ka riƙe gwamnatocin Turai da shi, ga shi. A 2024 aka ba yankin Alps na Faransa damar karɓar gasar Olamfik ta hunturu ta 2030, kuma kasafin shirya ta kaɗai ya kai wajen Yuro biliyan 2, ban da gine-gine da hanyoyi, a daidai lokacin da ƙananan ƙauyuka ke kwance injinansu don ba su da kuɗin gyara. Asusun biyan diyyar ɓarnar sauyin yanayi kuwa, wanda ƙasashe matalauta suka shafe shekara 30 suna nema kafin a amince da shi a Sharm el-Sheikh a 2022, alƙawuran farko da aka yi masa a taron Dubai na 2023 sun tsaya ne a wajen Dala miliyan 700. Bai kai rabin kuɗin wasan mako biyu ba. A kan wannan nake so ka yi rubutu na gaba, Malam, da sunayen ƙasashen da abin da kowace ta yi alƙawari da abin da ta biya zuwa yanzu.